Yadda Ake Farautar Gilashin Kyamara Na Hannu Mai Kyau a Farashi Mai Sauƙi

Kyamara tana tsufa, gilashinta kuwa ba kasafai yake tsufa ba. Kyamarar da ake rububi shekara goma da suka wuce yau ba mai waiwayarta, amma gilashin Canon 85mm f/1.8 da ya fito tun 1992 har gobe da shi ake ɗaukar amare, hoton ya fita tas. Shi ya sa mai wayo a sana'ar nan yake zuba kuɗinsa a gilashi, kuma na hannu, ba sabo ba.

Yanzu ne ma lokacin. Tun da Canon da Nikon suka fito da sababbin kyamarorinsu marasa madubi a 2018, wato masu bakin RF da Z (baki shi ne wurin da ake ɗaura gilashi a jikin kyamara), masu ɗaukar hoto a Turai da Amurka da Japan suke ta sauke tsofaffin gilasansu na EF da F don su koma sabon yayi. Kayan nan ba lalacewa suka yi ba, yayinsu ne ya wuce a can. Su ne suke gangarowa kasuwanninmu. Sai dai a cikin tulin akwai lafiyayye, akwai mai ciwon da ba ya hana aiki, akwai kuma mushe. Duk ribar tana wurin iya bambance ukun nan.

Fara da sanin bakin kyamararka

Kafin ka taka ƙafa kasuwa, ka san irin bakin da kyamararka take da shi, domin a nan ne aka fi yin asarar banza. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Canon ta bar bakin FD ta koma EF a 1987, kuma gilashin FD ba ya hawa kyamarar EF kai tsaye duk da sunan Canon ne a jikin kowanne. Haka EF-S, wanda aka yi wa masu ƙaramin sensa (farantin da hoto ke sauka a kai a cikin kyamara) irin su 600D da 80D, ba ya shiga 5D ko 6D. Amma EF yana hawa dukkansu.

Mai Nikon kuma ga nasa tarkon. Bakin F yana nan tun 1959, saboda haka kusan kowane tsohon gilashi zai ɗauru, sai dai ɗauruwa daban, aiki daban. Kyamarorin D3000 da D5000 da ƙannensu ba su da injin juya fokas a jikinsu. Idan ka ɗora musu 50mm f/1.8D, hoto zai fita, amma da hannu za ka riƙa saitawa. Su sai mai rubutun AF-S. Adaftar FTZ, wadda ake ɗora gilasan F a kyamarorin Z da ita, ita ma ba ta juya fokas ɗin irin waɗannan gilasan masu harafin D. Sababbin AF-P kuwa ba sa aiki da tsofaffi irin D3100 da D5100. Gilasan Nikon da aka yi kafin 1977, waɗanda ba su da tsarin da ake kira AI, kada ka tilasta su a kan irin su D7000 ko D750, suna iya karya ɗan kunnen da ke gefen bakin.

Wanda yake da kyamara marar madubi, Sony ko Fuji ko Canon R ko Nikon Z, shi ne ɗan gata a wannan farauta. Tazarar da ke tsakanin baki da sensa a wurinsa gajeriya ce, milimita 18 a Sony E, 16 a Nikon Z, 20 a Canon RF, alhali tsofaffin gilasai an yi su ne don tazarar da ta haura 40. Saboda haka zoben ƙarfe kawai ake sawa ya cike gurbin, sai Canon FD da Minolta MD da Pentax K da Olympus OM da masu zaren M42 duk su hau lafiya. Mai Canon EF zai iya ɗora M42 da Nikon F da adafta mai arha, amma ban da FD da MD. Mai Nikon F shi ne ya fi takura: M42 a kansa ba ya kama abu mai nisa sai da adafta mai gilashi a ciki, ita kuma tana rage kyan hoto.

Ka kuma tuna girman sensa. A ƙaramin sensa, 50mm yana zama kamar 75 a Nikon da Sony, kamar 80 a Canon. A ɗakin amarya, inda gado da kujeru da ƙawaye suka cinye wuri, 50 ɗin nan zai sa ka manne da bango kana neman inda za ka ƙara ja baya. A can 35mm ne abokin tafiya.

Ka tsayar da abin da kake nema, ka san kuɗinsa

Kada ka shiga kasuwa da niyyar "bari in ga abin da ke akwai". Mai shago ne zai zaɓa maka, kuma abin da ya daɗe a kanta zai zaɓa. Rubuta guda biyu ko uku a waya.

Ga mai aikin biki da suna, waɗanda suka fi biyan kuɗinsu su ne marasa zuƙowa masu buɗe ido sosai, wato masu faffaɗar ƙofar haske, waɗanda lambarsu ta bayan f ƙarama ce: Canon 50mm f/1.8 STM na 2015, wanda ya fi yayansa mai lamba II domin bakinsa ƙarfe ne ba roba ba. Nikon 35mm f/1.8G DX, 85mm f/1.8 na kowane kamfani. A masu zuƙowa, Tamron 17-50mm f/2.8 da Sigma 17-50mm f/2.8 sun fi 18-55 ɗin da ke zuwa da kyamara nesa ba kusa ba, musamman a zauren biki da dare. Tamron 28-75mm f/2.8 na masu babban sensa ne. Canon 70-200mm f/4L marar IS, wato na'urar rage rawar hannu, kuwa, a ganina, babu gilashin da ya kai shi rama wa mai shi kuɗinsa idan aikin rana ne, kamar hawan sallah ko ɗaurin aure a fili.

Masu bidiyo da masu son hoto mai ɗanɗano sai su leƙa tsofaffin da ake juyawa da hannu. Helios 44-2, 58mm f/2, an ƙera shi a Tarayyar Sobiyet da yawan gaske, shi ya sa bai yi tsada ba. Yana murɗa bayan hoto ya yi kamar guguwa idan akwai ganyen bishiya da haske a bayan mutum. Akwai Minolta 50mm f/1.7, akwai Canon FD 50mm f/1.4, akwai Super Takumar na Pentax. Wasu Takumar 50mm f/1.4 za ka ga ƙwayarsu ta yi rawaya kamar ruwan shayi. Sinadarin da aka haɗa gilashin da shi ne yake jawo haka, kuma ajiye shi a hasken rana na wasu kwanaki yana rage rawayar. Mai sayarwa da bai san haka ba zai ɗauka lalacewa ce, sai ya sallama da wuri.

Farashi kuma ga yadda ake gano na gaskiya. Shiga eBay, rubuta cikakken sunan gilashin, sannan ka tace sakamakon ya nuna waɗanda aka riga aka sayar kaɗai. Kuɗin da mutum ya rubuta yana nema buri ne. Wanda aka biya shi ne farashi. Duba KEH na Amurka da MPB na Ingila, manyan dillalan kayan hoto na hannu, ka ga yadda suke sa wa kowane mataki na lafiya kuɗi. Juya shi zuwa naira da canjin ranar, ka ƙara abin da kawowa za ta ci. Wannan shi ne rufinka. Sannan ka tambayi kuɗin sabo, har da na kamfanonin China irin Yongnuo. Idan na hannu ya kusa kamo sabo, ba ciniki ba ne.

Inda ake samu

Shagunan kayan lantarki kowa ya san su: Beirut Road da Sabon Gari a Kano, Banex a Abuja, Computer Village da Alaba a Legas. Za ka samu, kuma za ka iya gwadawa, amma masu shagon su ma sun san eBay. Arha ta gaske tana wurin wanda ba sana'arsa ke nan ba.

Na farko, tsofaffin masu situdiyo. Duk garin da ka sani akwai dattijon da ya yi zamanin fim da wankin hoto, kuma sau da yawa jakarsa tana nan ƙarƙashin benci da Pentax ko Yashica ko Minolta a ciki. Kyamarar ta daina amfani, gilashin da ke bakinta kuwa garau. Je ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Baba, ko akwai sauran kayan aikin da a ajiye?" Kada ka raina masa kaya don ka samu ragi, kuma ka ba shi abin da zai sa albarka. Dattijon da ka kyautata wa shi zai aika ka wurin abokinsa.

Na biyu, abokan sana'a masu sauya kamfani. Wanda ya bar Canon ya koma Sony yana so ya kwashe komai a lokaci guda ya haɗa kuɗi. Zaurukan WhatsApp na masu hoto da wuraren masu shirya fim, irin na Zoo Road a Kano, nan ake fara jin labari kafin kaya ya kai shago.

Na uku, Jiji da Facebook Marketplace, amma da dabara. Kada ka tsaya neman sunan gilashi kaɗai. Nemi kyamara, ka buɗe hotunan, ka ƙura ido ga abin da ke ɗaure a bakinta. Mutum zai sa tsohuwar kyamara da kuɗin tsohuwar kyamara, bai san gilashin ya fi ta daraja ba. Jan zobe a bakin gilashin Canon alamar L ce, ajin ƙwararru. Nemi "ba ta kunnuwa", nemi sunayen da aka rubuta ba daidai ba, kamar Cannon ko Nikkon. Tallan da ba a iya samu da sauƙi shi ne ke daɗewa har mai shi ya gaji. Idan jaka guda ce, saye ta duka, ka riƙe abin da kake so, ka sayar da sauran.

Lokaci ma yana da tasiri. Gab da azumi da ƙarshen shekara biki yake yawa, kowa yana riƙe da kayansa. Da azumi ya kama aiki ya lafa, ga hidimar sallah a gaba, sai ka ga tallace-tallace sun ƙaru.

Duba gilashi a hannu

Ka tafi da kyamararka da cikakken batir da kati, da tocilar waya, da ɗan ƙyallen goge tabarau. Wanda ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Fara da jiki. Goguwar fenti ba komai ba ce, alamar aiki ce kawai, kuma dalilin neman ragi. Abin dubawa shi ne zoben gaba inda ake ɗaura filta: idan ya lotsa, gilashin ya taɓa faɗuwa, kuma abin da faɗuwa ta yi a ciki ba a gani da ido. Juya shi ka kalli kusoshin da ke bakin baya. Idan kawunansu sun cinye ko sun sha sukuddireba, an taɓa buɗe shi, sai ka tambayi wa ya buɗe da abin da aka gyara. Kalli 'yan ƙarafunan nan masu ruwan zinariya da ke haɗa shi da kyamara, kada su kasance sun yi tsatsa ko sun goge. Girgiza shi a hankali kusa da kunne. Mai IS, ko VR a Nikon, yana ɗan motsi a ciki, wannan daidai ne. Ƙarar abu yana yawo kamar tsakuwa kuwa ba daidai ba ce.

Juya zoben fokas daga farko zuwa ƙarshe, haka na zuƙowa. Ana so ya tafi sumul, ba inda yake cijewa, ba ƙarar yashi. Kifa shi ƙasa ka gani ko hancin zai zazzago da kansa. Wannan aibi ne ƙarami, ana zama da shi.

Sai babban aiki. Cire murfin gaba da na baya, ka buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ka haska tocila ta baya kana kallo ta gaba, a karkace, ba kai tsaye cikin ido ba. Sannan ka juya ka yi ta ɗaya gefen. Kada gabanka ya faɗi: a hasken tocila ko sabon gilashi yana nuna ƙura. Abin da za ka gani kashi huɗu ne.

Ƙura, ɗigo-ɗigo farare a warwatse. Ba ta fitowa a hoto. Duk gilashin da ya sha hunturun Arewa yana da ita, musamman mai zuƙowa, domin duk zuƙowa iska yake ja. Nuna wa mai kaya, ka nemi ragi, ka saya.

Fumfuna, wadda ke fitowa kamar saƙar gizo-gizo ko jijiyoyin ganye, yawanci daga gefe take farawa ta nufi tsakiya. Danshi ne ke kawo ta, don haka kayan da suka zauna a Legas ko Fatakwal ko Japan sun fi kamuwa. Idan ɗan ɗigo ne a gefen ƙwayar gaba, a tsohon gilashi mai sauƙin kwancewa, mai gyara zai wanke. Idan ta yi reshe ta mamaye tsakiya, ko tana can cikin mai zuƙowa na zamani, bar shi. Fumfunar da ta daɗe tana cinye rufin da ke kan ƙwayar, ko an wanke tabon yana nan.

Hazo, wato ka ga ƙwayar ta yi dishi-dishi kamar an hura mata numfashi. Wannan ya fi fumfuna ɓata hoto, ga shi kuma ya fi ta ɓuya, domin a hasken shago ba a ganinsa sam. Hoto zai fita fari-fari, ba kauri, musamman idan haske yana gaban kyamara. Wani hazon mai ne ya yi tururi ya kwanta, yana gogewa. Wani kuwa a tsakanin ƙwayoyi biyu da aka manne yake, ba ya fita. Tunda ba za ka iya rabewa a tsaye ba, kada ka biya kuɗin lafiyayye.

Rabuwar manni, inda za ka ga launin bakan gizo ko wani abu kamar ɗigon mai a gefen ƙwaya. Gyaransa ya fi kuɗin gilashin. Mayar masa da abinsa.

Karce kuma ya danganta da inda yake. Ƙaramin karce a ƙwayar gaba kusan ba ya tasiri, amma yana karya farashi sosai, kuma irin wannan ne abin farautarka. Karce a ƙwayar baya, wadda ke kusa da sensa, shi ne abin gudu.

Kafin ka ajiye tocila, duba ganyayyakin ƙofar haske. A Nikon da Pentax da Minolta akwai ɗan hannu a baya. Ja shi ka saki, ya kamata su buɗe su rufe nan take, tsaf. Idan suna jan jiki, ko ka ga suna sheƙin mai, hotunanka za su riƙa yin fari fiye da kima. A Canon EF babu wannan hannu, sai ka ɗora a kyamara, ka sa f/16 don ƙofar ta tsuke, ka danna maɓallin duba zurfin fokas kana leƙawa ta gaba.

Ɗora shi a kyamara

Sa fokas ya kama abu na kusa, sannan na nesa, ka maimaita sau da yawa, a haske da kuma cikin inuwar shago. Saurara. Ƙara mai tsini kamar kukan ɓera a gilashin AF-S na Nikon alama ce injin ya fara gajiya. Canon 50mm f/1.4 an san shi da laushin hanci, ƙaramin bugu yana sa fokas ɗinsa ya cije, don haka gwada shi sosai. Canon 24-105mm f/4L na farko yana da sananniyar cuta ta tsinkewar siririyar wayar ƙofar haske, kuma ba ta bayyana sai ka zuƙo ka rage ƙofar, sannan kyamara ta nuna Err 01. Saboda haka kowane mai zuƙowa ka ɗauki hoto da shi a farko da tsakiya da ƙarshen zuƙowa, a buɗe da kuma a f/8 da f/16. Tsofaffin Sigma na zamanin fim su ma wasunsu suna yi wa kyamarorin Canon na dijital gardama da zarar an rage ƙofa.

Nemi bango mai rubutu ko allon talla, ka tsaya daidai gabansa, ka ɗauka a buɗe. Faɗaɗa hoton a allon kyamara ka zagaya kusurwoyi huɗu. Ba a sa ran kusurwa ta kai tsakiya kaifi, amma ana so huɗun su yi kama da juna. Idan hagu garau ne dama ta narke, wata ƙwaya ta goce daga mazauninta, sau da yawa sanadin faɗuwa. Daga nan ka ɗauki fuskar mai shagon, ka sa fokas a ido, ka duba ko idon ne ya fito ko kunne. Na ƙarshe, ɗauki hoto guda kana fuskantar ƙofa ko fitila. A nan hazo yake tona kansa.

Ciniki

Kada ka nuna zumuɗi, kuma kada ka kushe abin da ba aibi ba, mai kaya ya san ƙarya. Lissafa abin da ka gani a natse: "Alhaji, ga ƙura, ga murfin baya babu, ga zoben ya ɗan saki." Murfi da hular gaba da ba su zo da shi ba kuɗi ne za ka kashe, sa su a lissafi. Taya ƙasa da rufinka yadda za ka samu wurin hawa. In ya ce albarka, ƙara kaɗan. In kun kai rufin bai sallama ba, yi sallama ka tafi, ka bar lambarka. Gilasan nan an ƙera su da yawa, wani zai fito. Idan da dillali a tsakani, a yanke la'adarsa tun farko, a san wanda zai biya.

Ka nemi sharaɗin kwana biyu ko uku na mayarwa, a rubuta a rasit tare da lambar jikin gilashin. Lambar nan ka duba ta da kyau. Idan an kankare ta, ko gilashi mai tsada ne a hannun wanda bai san yadda ake ɗaura shi ba, ga farashi ya faɗi warwas, ga shi yana sauri, to ka ja jikinka. Ana yawan ɗauke wa masu hoto jaka a wurin biki, kuma ranar da mai shi ya gane kayansa a wuyanka, kai za a fara riƙewa.

Idan kayan yana nesa

Tura kuɗi kafin ganin kaya cinikin biri a sama ne. In a cikin ƙasa ne, sa wani amintacce mai kyamara ya je ya gwada, ko ku haɗu a wuri mai jama'a. In ba hali, nemi bidiyon da aka haska tocila ta ciki, tare da takarda mai sunanka da kwanan wata a gefe, don ka tabbatar kayan yana hannunsa. Mai cewa ka fara turo kuɗin mota ko kafin alƙalami don "mutane suna ta kira", rabu da shi.

Daga waje kuwa, KEH da MPB suna ba da garanti, kuma matakin da KEH ke kira BGN yawanci jiki ne ya goge, ƙwayar lafiya lau. 'Yan kasuwar Japan a eBay suna da kaya masu yawa, sai dai kada taurari da alamomin tarawa da ke kan tallan su ruɗe ka. Gangara ƙasa ka karanta bayanin ƙwayar, a nan suke faɗin akwai hazo ko fumfuna. Lissafa kuɗin jirgi da na kwastan kafin ka danna, domin a kan gilashi mai arha suna iya kamo kuɗin kayan kansa. Ya fi a haɗa guda biyu ko uku, ko a jira mai dawowa.

Da ya iso hannunka, goge ƙarafunan baya da busasshen ƙyalle, ka hure ƙura da famfon roba kafin ka taɓa ƙwayar, don goge ƙurar hunturu a bushe shi ke kawo karce. Da damina kada ka bar shi cikin jakar fata ko ƙasan akwati. Samu roba mai murfi mai kamawa, ka zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, ka riƙa shanya su a rana lokaci-lokaci. Wanda ya zo da fumfuna kuma a ware masa robarsa daban har sai mai gyara ya wanke shi.